Goma Sha Bakwai Kullum

Tawa, 3 ga Maris, 1986

Zuwa ga Yaya Attaher,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, da Inna da sauran shanun.

Yaya, malaminmu na lissafi, Mushe Garba, ya dawo daga karatu da wata ƙaramar na'ura da ake haɗawa da talabijin. Ran Alhamis yana yi mana wasan labari a kan tebur. Mu ayarin gishiri ne, ni ce madugu. In za mu nemi rijiya, sai a jefa ɗan ludo mai fuska ashirin, lamba babba sa'a ce. To, akuyar mai gadi ta haɗiye shi.

Mushe ya ce in koya wa na'urar jifa. Na rubuta layi huɗu: ta zaɓi lamba tsakanin sifiri da ɗaya, ta ninka da ashirin, ta yar da ɓurɓushin, ta ƙara ɗaya. Na danna maɓalli, sai ga goma sha bakwai. Babu hannu, babu ɗan ludo, amma ta jefa. Har yanzu in na tuna sai jikina ya yi yar.

Ga damuwata. Alhamis uku ke nan jifan farko nawa ne, kullum goma sha bakwai. Na biyu na Yunusu ɗan ajinmu ne, kullum uku, raƙuminsa ya mutu sau uku. Ya ce a gaban kowa, "Hajiya madugu, raƙumi nawa za ki ci mini?" Aka yi dariya, na kasa ɗaga kai. Mushe ya ce duk aka kunna ta, daga wuri guda take fara lissafinta, amma ni zan gyara. In na kasa, an bar wasan, kuma sunana mai maguɗi.

Ƙanwarka,
Fatimata

Tebaram, 9 ga Maris

Fatima 'yar makarantar lakwal,

Muna lafiya. Shanu saura huɗu, su kaɗai farin nan na rashin ruwa ya bar mana.

Ban san na'ura ba, amma na san rijiya. Nan ruwa ya ja ƙasa, guga na farko ne kawai ke fitowa garau. Don haka kowa ke sa alamar garkensa a tsakuwa. Ɗaya yana juya su daga hannu zuwa hannu, wani kuma ya ba da baya, shi ke cewa tsaya. Wanda tsakuwarsa ta fito, gugan farko nasa ne. Mai juyawa ba ya tsayarwa, shi ke nan. Naki, ke kin juya, ke kin tsayar. Ko ni ne Yunusun da na yi magana.

Inna ta ce ki riƙa cin abinci.

Yayanki,
Attaher

Tawa, 14 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da godiya. Na ƙara layi biyu: na'urar ta yi ta ƙirga da gudun da ido ba ya bi, har wani ya taɓa maɓalli, daga nan take fara lissafin. Jiya na ce Yunusu ya ba da baya ya taɓa. Ya kuwa yi.

Na samu lamba biyu. Ayarina ya wuce rijiyar, raƙumana uku suka faɗi. Yunusu ya ce, "Allah ya ji ƙansu, madugu," ya matso mini da kujera. Yaya, ko Mushe bai san lambar da za ta fito ba.

A gaida Inna.

Ƙanwarka,
Fatimata