Sunan Da Ke Kan Kabarinka, Yaya

Zuwa ga Yayana Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci, ni ne Idi, ƙanenka da ka bari yana kiwon awakin Inna. Yanzu furfura ta cinye ni. Kwangilar gine-ginen da kuɗin mai ya kawo ta ɗauko ni ta ajiye a Nassarawa, unguwar da a da ko inuwar bishiyarta ba a barin irinmu mu tsaya. Da hannuna nake rubuta maka. Sai da na wuce arba'in na shiga ajin yamma, samari suna dariyar yadda nake riƙe fensir kamar ƙotar fartanya.

Na sami kabarinka, Yaya. Amma ban zo maka da sanyin zuciya ba.

Ka tuna ranar da Dagaci ya zo zauren Baba? Turawa sun ce kowane gari ya ba da samari don yaƙin Bama, can hayin teku, kuma Di'o, Baturen mulki, da idonsa ya ga Sale ɗan Dagaci a kasuwa, ƙato da shi, ya sa aka rubuta shi. Dagaci ko zama bai yi ba. Ya ce wa Baba, “'Ya'yanka maza biyu ne, nawa ɗaya. Ka zaɓa, ko ka manta da gonar fadama.” Baba ya sunkuyar da kai. Kai ka miƙe, ka ce, “Idi ko gashin baki bai yi ba. Ni zan je.” Ka dungure min kai ka ce in kula da jar akuyar nan, tana da ciki.

Har Inna ta rasu ba ta yarda an yi maka sadaka ba. Cewa take, “Wa ya ga gawarsa?”

Da na iya rubutu, kai na fara nema. Na rubuta wa ofishin tsofaffin sojoji, na rubuta Kaduna, na rubuta Ikko, har Ingila na aika. Na lashi kan sarki har ma'aikatan gidan waya suka san ni. Amsa iri ɗaya ce: babu sojan da ake kira Habu daga garinmu. Ba ka cikin waɗanda suka tafi, ba ka cikin waɗanda suka mutu. Kamar Inna ba ta taɓa haihuwarka ba.

Bara wani abokina ya kai ni Hotoro wajen wani tsohon kofur, Tanko, mai gadin wani gida. Na kwatanta masa kai, da tabon ƙuna a wuyan hannu. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, “Ai Sale kake nufi! Mai kurman kunne. Sai Saje ya kira sau uku kafin ya amsa, kullum yana shan gwale-gwale.” Yana dariya yana share hawaye. Ni na san kunnenka lafiya lau yake. Sunan ne ba naka ba. Duk garinmu an san ka tafi a madadin Sale, amma ba wanda ya gaya mana har sunansa aka ɗora maka.

Da sunan Sale na sake rubutawa. Wannan karon masu kula da kaburburan sojoji suka aiko da hoto: farin dutse a cikin ciyawa mai kyau, da lambarka ta soja, da sunan ɗan Dagaci.

Shi kuwa mai sunan, Yaya, gida biyu ne tsakanina da shi. Alhaji Sale ake ce masa yanzu. Ya yi tumbi, yana da Marsandi, yana kuma neman rawanin babansa. Masu kula da kaburburan sun ce za su sake dutsen, amma sai an rantse a kotu, sai kuma shi mai sunan ya sa hannu cewa yana raye, ba shi ne a kwance can ba. Kofur Tanko ya ce ko gobe zai dafa Alƙur'ani. Saura Sale.

Na kai masa hoton har falonsa. Ya sa tabarau ya duba, ya ce, “Ikon Allah! Ka ga yadda Nasara suke gyara wuri.” Sannan ya tura min shi ta kan tebur. “Haba Alhaji Idi, tone-tonen me? Wanda ya mutu ya mutu. Kana so a ce mahaifina ya yi ha'inci, a kuma wannan lokacin? Bari a gama maganar sarauta tukuna.” Na ce masa, “Sale, shekara talatin da wani abu kana kwance a Bama, ba ka gaji ba?” Ya kira yaron gidansa ya ce a kawo min lemo. Ban sha ba.

Limamin unguwa ma ya yi min nasiha. Ya ce mala'iku ba sa karanta dutse, mu ma nan tudun ƙasa kawai muke yi wa matattunmu. Gaskiya ya faɗa. Da babu komai a kanka, da na haƙura na bar wa Allah. Amma ƙarya ce aka sassaƙa, ana kuma share ta ana ba furanninta ruwa.

Kai ma ina da magana da kai. Don me ka amsa? Ko a bakin jirgi ai sai ka ce, “Ni Habu ne.” Na yi wata guda ina jin haushinka, ina zagaya tsakar gida ina yi maka faɗa, har matata Hajiya ta fara tunanin kai ni asibiti. Daga baya na gane. Da ka faɗa, da an dawo garin neman wani, ni ne kuma a kusa.

To ga labarin farin ciki. 'Yata Binta ta sauka lafiya, namiji! Ran Asabar aka yi suna. Na yanka raguna, na yi rawa a gaban 'yan'uwa, ni da wannan gwiwar tawa, mata suna guɗa suna cewa tsoho ya zautu. Yaron yana da dogayen yatsunka. Da Liman ya ɗaga murya ya ce Abubakar, Sale yana zaune a sahun gaba da goro a bakinsa. Na zuba masa ido har sai da ya ce amin. A gida Yaya za a riƙa ce wa yaron, don ba zan iya kiran sunanka gatsau ba.

Wannan takarda jarida zan kai wa. Sale yana karanta ta kowace safiya a barandarsa, masu naɗin rawani ma suna karantawa. Ba na son gidansa, ba na son rawaninsa. Hannu kawai zai sa.

Allah Ya jiƙanka, Habu ɗan Malam Garba. Allah Ya sa ƙasar da ka kwanta a cikinta ta yi maka sauƙi, Ya haɗa ka da Inna inda ba a sake rabuwa, Ya raya takwaranka a kan zuciya irin taka. Shi kuwa Sale, ina roƙon Allah da gaske Ya ja kwanansa, Ya kare shi daga hatsarin mota da hawan jini, kada Ya ɗauke shi sai ya sa hannun nan.

Ƙanenka da ka tsaya wa,
Idi
Nassarawa, Kano