Gyaɗa a Bakin Cokali

Zango, Sokodé, 4 ga Maris

Baban Awal,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da mutanen gidan da ka sauka. Tunda ba ka ɗaga wayata, na ba direba Wahabu wannan takarda. Ita dai ba ka da inda za ka danna ka kashe ta.

Maganar 'yarmu Hibatu ce. Makon jiya a makaranta ƙawarta ta gutsura mata ƙuli-ƙuli. Kafin a kai ta asibiti leɓenta ya kumbura, numfashinta na fita da irin ƙarar nan da muka ji a ƙirjin Awal ranar da ya rasu. Allah ya taimaka, allurar da aka yi mata ta kama. Likita ta ce jikinta ne ba ya shiri da gyaɗa, kuma da alama abin da ya tafi da yayanta ke nan.

Akwai wani gwaji da likitoci ke yi. Suna ba yaro garin gyaɗa ɗan kaɗan a bakin cokali a gabansu, suna ƙarawa wata bayan wata, ko jiki zai saba. Ba su yi alkawarin warkewa ba. Suna son sa hannun uwa da uba. Ina jin tsoro, amma a Zango wace tukunya ce babu gyaɗa? Na gaji da bin bakin yarinya 'yar shekara bakwai da ido.

Matarka,
Raudatu

Dapaong, 9 ga Maris

Raudatu,

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso. Ki shafa min kan Hibatu.

Ba zan sa hannu ba, ga kuma dalilin da na ɓoye shekara uku. Na ce muku ban san abin da Awal ya ci ba ranar nan. Ƙarya na yi. Kin hana a ba shi gyaɗa tun da ta taɓa feso masa ƙuraje, ni kuwa na ga ɗan mahauci ba ya wuce tukubar ubansa hannu wofi. Haka Baba ya yi mana, tsinken farko na ɗan gida ne. Na kaɗe garin ƙulin da ke jikin tsiren da yatsa, na ce ai ɗan kaɗan ne ya saura, na miƙa masa. Ya cinye, har ya ce in ƙara masa.

Shi ya sa na ajiye wuƙa na gudo nan dillancin shanu. Amma Awal bai bar ni ba. Da rana tsaka a kasuwa, in bijimi ya ja numfashi sai in ji na Awal. Wani lokaci in hango shi gaban mai tsire da rigar makaranta, yana jira. Yanzu likita ta zo da maganar da na yi a bakin wuta, ki ce in yarda?

Ki yafe min in za ki iya.
Sadi

Zango, Sokodé, 13 ga Maris

Baban Awal,

Bayan gaisuwa, na sani. Ni na wanke rigarsa, man tsire da jan gari suna nan a bakin aljihu. Na yi shekara guda ina fushi da kai, sauran biyun ina jiran ka faɗa da kanka.

Na tambayi likita ko ciwon na iya tashi a gwajin. Ba ta ɓoye min ba, ta ce yana iya tashi, shi ya sa suke auna garin a ma'auni, su tsaya a kan yaro da allura a hannu. Kai da yatsa ka auna, kai kaɗai. In ba mu kai ta ba, wata rana wani mai ƙaunarta zai sake miƙa mata abu, ba ma kusa. Ranar Alhamis za su rufe ɗaukar yara.

Na yafe maka tuntuni. Ka gaida masu gida.
Raudatu

Dapaong, 15 ga Maris

Raudatu,

Salam. Ina cikin motar Wahabu ta Laraba, zan sa hannu. Alfarma ɗaya nake roƙo: ki gaya wa likita kada a miƙo min cokalin. Zan tsaya kusa da Hibatu ina sauraron ƙirjinta har a ce mu tafi gida.

Mijinki,
Sadi