Na Kori Ɓeraye, Maƙwabciyata Ta Daina Amsa Gaisuwata

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara, abin nan ya tsaya min a rai.

Ba yabon kai ba, duk layinmu babu wadda ta kai ni tsabta. Amma bana ɓeraye suka mayar da kicin ɗina gidan ubansu. Sun huda buhun shinkafa, sun tauna wayar firij, wata ma a durowar zannuwana ta haihu. Maigidana ya ce a zuba guba, na ce ba a gidan da jikata ke rarrafe ba. Na ɗaura ɗamara. Ni kaɗai na janye kabad, na bi ramukan na cusa soson ƙarfe na shafe da siminti. Hatsi na juye a bokitai masu murfi, na sa kafinta ya toshe ƙasan ƙofa. Wallahi yanzu ko kashinsu ba a gani, kuma ina alfahari, don da hannuna na yi.

To, maƙwabciyata da bango ɗaya ya raba mu, wadda ta yi jinyata da aka yi min aiki, wai na koro mata su. A bakin famfo ta faɗa, cikin mata, tana dariya. Ni kuwa na ce ai sun san gidan da kwanuka ke kwana ba wanki. Gaskiya ce fa. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata. Ina kewarta sosai, amma ni zan ba da haƙuri don na gyara gidana?

Mai Tsabta

Mai Tsabta, sannu da aiki. Ƙin gubar nan da toshe ramuka duk daidai kika yi, kin cancanci alfaharinki. Sai dai ita ma ba ƙarya ta yi ba. Idan kika rufe musu hanya, ɗakin da ke kusa suke komawa. Kuma ita tsokanarki ta yi, ke kuwa kika kira ta ƙazama a gaban mutane. Wannan maganar ce za ki ba da haƙuri a kanta, ba gyaran gida ba.

Kada ki je mata da wa'azin tsabta. Ki ɗauki ragowar simintinki ki yi sallama, ki ce bakinki ya yi kuskure, sannan ku janye kabad ɗinta tare. Duk abin da kika gani a bayansa, kada a ji shi a bakin famfo.

Allah ya daidaita tsakaninku.