Fankar da Na Ce Ta Gagare Ni

Zuwa ga mai filin shawara,

Don Allah a agaza mini, domin abin ya fi ƙarfina. Ni ba mutum ba ne mai kai kuka. Tun da na bar makaranta a tsakiyar sakandare ban taɓa miƙa wa wani hannu ba sai don gaisuwa. Amma yau ga ni ina rubuta wa wanda bai san ni ba abin da na kasa gaya wa matar da muka tsufa tare.

Sana'ata gyaran fanka. Na fara ne a kan benci a barandar wani tela, da sukundireba da filayar aro. Yau ina da shago nawa na kaina, kuma ba gado na yi ba. A zamanina, in na gama naɗa koyil na ɗaura fukafukai, sai in kunna fankar in kara kuncina na dama, in lumshe ido. Kuncin nan ke gaya mini ko iska na zuwa sumul, ko wani fiffike ya karkace. Telan nan, Allah ya ji ƙansa, har tsokanata yake, wai ina sauraron gulmar fanka. Ina aiki ina fito, duk layin an san na buɗe shago.

Ta hanyar fanka ma na sami maiɗakina. Mahaifinta ya kawo wata koriyar fankar tebur, irin mai nauyin nan ta da, ita kuma aka aiko karɓa. Na ce ba ta gyaru ba, ta dawo gobe, alhali tun safe fankar ke juyawa a bayan bencina. Haka na yi ta sa ta zirga-zirga har tsohon ya harbo jirgina, ya aiko cewa in fankar nake so in riƙe, in kuma wani abu ne daban in fito fili. Fankar ta biyo ta gidana. A falonmu take, kuma a gabanta muka yi yawancin hirarmu ta duniya, ita tana tsintar wani abu a tire, ni ina ba ta labarin masu kawo gyara tana dariya har da hawaye.

Bara ina gwada wata fanka, na kara kunci kamar kullum, sai na ji kamar an soka mini waya mai wuta daga gefen hanci zuwa muƙamuƙi. Wuta ta sha jana a wannan aiki, na san ta, amma wannan ya fi ta. Na duba fankar kaf, lafiyarta ƙalau. Kafin in ankara abin ya wuce kamar ba a yi ba. Daga nan ya zama ɗan gida. Aski ya tayar da shi, goge baki ya tayar da shi, tauna, wanke fuska, har dariya. Fito kuwa na manta rabona da shi.

A wurinmu, abin da ke tartsatsi cire shi ake yi. Na je wurin likitan haƙori, ya duba ya ce haƙorana lafiya suke. Na ga kamar bai san aikinsa ba, na tafi wani wuri na matsa aka cire turmi ɗaya, daga baya aka cire maƙwabcinsa. Ciwon yana nan, ga giɓi na samu. Maganin ciwon kai kuwa kamar ina zuba ruwa a kwando. Ciwon ya taɓa ɗaukewa wasu watanni har na saki jiki, sai ga shi ya dawo da fushi.

Ga inda gizo ke saƙa. Maiɗakina ba ta jure zafi, da rana sai ta kunna koriyar fankar nan, ni kuma iskarta ce ajalina. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na faki idonta na zare waya ɗaya a ciki, na ce koyil ya ƙone, ba ta gyaruwa. Kallon da ta yi mini har yanzu yana raina, domin ta san fanka ba ta taɓa gagarata ba. Na daina cin abinci tare da ita don kada ta ga ina tauna da gefe ɗaya. Magana sai ta kama dole. Rannan ta kai hannu za ta cire mini zare a gemu, na ture hannun ban san na yi ba. Ƙanwata ce ta gaya mini ta yi kuka, tana cewa mutumin da ke gyara wa gari fanka ya ƙi gyara tata, ba ta san laifin da ta yi ba. Yanzu tana haɗa kaya, wai za ta je wurin babbar 'yarmu ta ɗan kwana biyu, amma akwatin da ta ɗauko ba na kwana biyu ba ne.

Ba ta taɓa ganin hawayena ba. Kuma ina tsoron a ce wani mugun abu ne a kaina. Shin wannan ciwo yana da suna? Yana da magani, ko in je a cire haƙori na uku?

Naka,
Mai Gyaran Fanka

Amsa:

Baba mai gyara, sannu da jiki. Da farko, a bar sauran haƙoran nan su huta. Likitan farko gaskiya ya gaya muku.

Ba a gane cuta ta wasiƙa, amma abin da kuka bayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon jijiyar fuska, wadda ke kai saƙon taɓi da zafi daga goshi da kunci da muƙamuƙi zuwa ƙwaƙwalwa. Alamunsa ke nan: gefe ɗaya, kamar jan wuta, ya zo ya wuce da sauri, iska ko tauna ko aski su tayar da shi, ya ɗauke ya dawo. Sau da yawa wata jijiyar jini ce ke danne ta a can cikin kai har rigarta ta sale. Kun fi ni sanin abin da waya ke yi in robarta ta sale. Tartsatsin a kunci ake jin sa, amma matsalar tana can kusa da tushe.

Ku nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Mai yiwuwa ya sa a ɗauki hoton kai don ya ga abin da ke danne jijiyar, ya kuma kawar da abin da kuke tsoro, wanda ba shi ne ya fi yawa ba. Maganin ciwon kai ba ya yi wa wannan ciwon komai. Akan fara da irin magungunan da ke kwantar da jijiya, waɗanda ake ba masu farfaɗiya, kuma mutane da yawa na samun sauƙi sosai. Kada ku saya da kanku. Sukan sa jiri ko barci, ana bin su da gwajin jini, kuma in ƙuraje suka feso a koma asibiti nan take. In magani ya gaza, akwai aikin raba jijiyoyin biyu, da wasu hanyoyi da kan bar ɗan mutuwar fata a kunci. Likita zai auna muku.

Sai batun Mama. Na fahimci kunyarku. Wanda ya tsayar da kansa da hannunsa ba ya son a gan shi a durƙushe, kuma ture hannun nan ciwo ne ya yi shi. Amma ita ba ta san da ciwo ba. Abin da ta gani shi ne miji ya yi shiru, ya raba kwano, ya bar fankar da ta haɗa su ta mutu. Ko wace ce za ta ɗauko babban akwati. Ciwo ɗaya ne, kun sa mutum biyu suna jinya.

Ƙaryar farko da kuka yi a kan fankar nan don ta dawo gobe ce. Wannan ta biyun korarta take yi. Kafin akwatin ya rufu, ku zaunar da ita, ku buɗe fankar a gabanta, ku mayar da wayar, ku juya ta ɓangarenta, sannan ku gaya mata komai. Ranar asibiti kuma ku tafi tare.

Allah ya ba da lafiya, ya sa mutanen layinku su sake jin fiton nan da safe.