Inna Ta Yarda Za Ta Ɗa'if

Daren Laraba, unguwar Zahir, Makka

Yau kam na yi nasara! Tun rasuwar Baba, Inna ba ta fita daga Makka ba, wai kada ajali ya riske ta nesa da Harami. Ɗazu ina matsa mata ƙafa, na sake lallaɓa ta da zancen hutunmu a Ɗa'if: sanyin duwatsu, gonakin inabi, da salik, shinkafar nan ta madara.

Har na fid da rai. Can ta ce, "Inabin, da hannuna zan tsinko?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Inna."

"To yalla, mu je. Amma in na cika a can, ku dawo da ni kafin la'asar."

Muka yi ta dariya har da hawaye. Nawa dai ba duka na dariya ba ne.