Na Daɗe a Ɗakin Gwaji

Litinin, 3 ga Maris

Manaja ya amince. Jibi nas za ta zo ofis ta yi gwajin ƙanjamau ga duk mai so. Ni ce shugabar sashen ma'aikata, ni na kawo shawarar, dole ni zan fara shiga. Matan ofishin nan digiri bibbiyu, amma da an ce gwaji sai kowacce ta tuna tana da taro.

Laraba, 5 ga Maris

Na tafka wauta. Don a yi sauri na ba nas ɗakin taro, wanda ke tsakiyar ofis. Kowa daga teburinsa yana ganin mai shiga da lokacin fitowarta.

Ɗan tsira yatsa ne kawai, kuma lafiyata lau. Sai bakina ya ja ni. Na tambaye ta ƙwayar riga-kafin nan da ake sha kullum, daga nan muka faɗa hirar takalminta, ashe ma makarantarmu ɗaya. Na fito ido jajir don dariya, na tarar da ofis tsit. 'Yan kaɗan ɗin da suka shiga bayana fitowa suke kamar ana korar su.

Alhamis, 6 ga Maris

An yanke hukunci: wadda ta daɗe a ciki tana da shi.

Juma'a, 7 ga Maris

Ban taɓa shan gata irin na yau ba. Lauyarmu ta kawo min ayaba leda guda. Injiniya, mai gaisuwa sai ta ga dama, ta riƙe min ƙofa. Wata kuma ta janye kofinta daga kusa da nawa, na gan ta sarai. Da na koma gida, maigida ya yi dariya har da tari, wai in bar su zuwa ƙarshen wata, ayabar tana da daɗi. Ni kam a'a. Na sha wuya kafin in yi sunan nan. A taron Litinin zan miƙe in wanke kaina.

Asabar, 8 ga Maris

Akantarmu ta zo gida da hantsi, ita da ko bikin ofis ba ta zuwa. Ta daɗe tana juya kofin shayi, sannan ta ce, "Anti, na ga kina da shi kuma kina dariya. Ki koya min." Mijinta ya rasu bara bayan doguwar jinya, ba wanda ya faɗa mata takamaiman ciwon. Tun lokacin ba ta barcin kirki, ga 'yarta ƙarama.

Kunya ta kama ni. Na faɗa mata gaskiya, surutu ne ya zaunar da ni. Sai ta fashe da dariya. "To duk da haka raka ni in yi gwajin."

Muka ɗauko 'yar muka tafi asibiti. Tana da shi. 'Yar ba ta da shi. Likita ta ce in ta riƙe magani, ita za ta aurar da yarinyar nan da hannunta. Ta yi kuka, na taya ta. A hanyar dawowa ta ce yunwa take ji, muka tsaya gidan abinci ta cinye nata ta ƙara da rabin nawa. Daɗi ya cika ni har ban san inda zan sa kaina ba.

Litinin, 10 ga Maris

A taro na miƙe. Na ce nas za ta dawo Laraba, wannan karon a ɗakin baya, kuma kowacce sai ta zauna ta shanye shayi kafin ta fito. Hannuwa suka tashi fiye da zatona.

Saura ɗaya maganar. Akanta na zaune gefena tana gyara takardu, fuskarta ta wadda ta yi barci. Wanke kai daga me, a gabanta?

Manaja ya ce, "Akwai ƙari?" Na ce babu, na zauna.

Maigida ya tambaya ko na faɗa musu. Na ce mantawa na yi.