Kalme daga Ƙarhen Motar Gwamnati

Asabar, 3 ga Jimada Lawal 1362
Damina ta ƙarato, kalmena na noma ya cinye sai ƙota. Tun da yaƙin Turawa ya taso, ƙarhe ya yi wuya. Jiya na tsinci ɓallin ƙarhe inda motar gwamnati ta lalace, hanyar Achida. Na kawo shi gida cikin buhun ƙaiƙayi. Ba wanda ya gani. Ina zato.

Talata, 6 ga wata
Na hura gawayi bayan rumbu, dutse ne uwar maƙerata. Gidanmu ba a taɓa ƙira ba, in an ji abin kunya ne. Safara'u, mai ɗakina, ta ce ƙarar dukan tana kai bakin rijiya. To in buga da auduga?

Alhamis, 8 ga wata
Mainasara maƙeri ya leƙo ta darni, wai tunkiyarshi ta ɓace. Tunkiya! Idonshi na kan tokar. "Maccido, mi kake dafawa nan?" Na ce magani. Mutumin da na hana ma cinikin kalme ba ya so na da alheri.

Jumu'a, 9 ga wata
An yi shela: wanda aka kama da ƙarhen motar, sai gidan yari. Akwai lambar Turawa jikin nawa, duka ya ƙi shafe ta. Tsoro nike ji, wallahi. In an tahi da ni, wa zai noma ma yara gero?

Lahadi, 11 ga wata
Ƙarhen ya ɓace daga ƙarƙashin rumbu, har da ƙotata. Sawun babban mutum, mai jan ƙafar hagu. Mainasara ke nan. Ya kai ma hakimi, ba shakka. Ban ci tuwo ba.

Litinin, 12 ga wata
Dogarai sun zo, gida gida. Sun tone har turken jaki, ba su samu komi ba. Mainasara na tsaye cikin 'yan kallo, ko kallona bai yi ba. Mi yake jira?

Asabar, 17 ga wata
Ruwa ya sauka. Da na isa gona na iske kalme sabo rataye ga kalgo, an sa mai tsohuwar ƙotata. Na juya shi ko'ina, lambar babu. Aikin Mainasara ne. Ƙila wani abu yake nema gare ni, wa ya sani. Kalmen dai na cin ƙasa.

Da marece na biya ta maƙera. Hanya ce kawai ta bi da ni. Hannunshi na ciwo, sai na ɗan zuga mai wuta.